Garin Wankin Dutse

Malam Isiyaku, in ka gama fiƙe alƙalamin, ka fara da sunan Allah, sannan ka sa cewa Yalwa mai koɗa ce ke magana, haifaffiyar Zakka, wadda aure ya kawo Ruma. Ni ban san baƙi ba, ban iya rubutu ba, kai ka sani. Abin da na faɗa shi za ka rubuta. In ka ga ina kuka kada ka ajiye alƙalami, kukan ba ya hana ni magana, mun saba da juna.

Ga abin da ya sa na kira ka. Shekaranjiya na je koɗa wa jikata Tsahara dutsenta na niƙa, don ya yi santsi ba ya cin hatsi. Da na gama babu dusa a gidan, sai ta ba ni dawa tafi uku na niƙa a kai don in wanke dutsen. Garin ya fito fari tas. Na kwashe shi na watsa wa kaji. Ƙawayenta biyu suna zaune a inuwa suna kaɗi.

Tsahara ta ce, "Haba tsohuwa! Gari fari sol kike ba kaji? Ko rikicin tsufa ne ya fara? Da kin ba ni na tankaɗe, ko kunu ya yi."

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Ni fa ban ga abin wuya a koɗa ba. Dutse ne ka buga a kan dutse. Ara mini makoɗin, Kaka, gobe in ƙwace miki gidajenki."

Suka yi dariya. Ni kuwa na ɗauki makoɗina na fito. Irin garin nan da take son yin kunu da shi, shi ya kashe kakanta, kuma ni na niƙa shi da hannuna. Ba ta sani ba. Uwarta ma har ta koma ga Allah ban faɗa mata ba. Na sha shirya bakina zan gaya wa Tsahara, in na dube ta sai in kasa. Ka rubuta, ka karanta musu su ukun.

Dutsen farko da na taɓa koɗawa na wata maƙwabciyarmu ne a Zakka, ina yarinya ban isa aure ba. Goggo Barmani, yayar ubana, ita ke koɗa wa rabin garin, ita kuma ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Damina biyu ina bin ta gida gida, ina ɗaukar mata tsintsiya da ƙwaryar ruwa, ba ta bar ni na taɓa makoɗi ba. Makoɗi ɗan baƙin dutse ne cikin tafi guda, ya fi dutsen niƙa tauri. Nata gadon uwarta ne, gefe ɗaya mulmulalle, ɗaya gefen da ɗan tsini kamar bakin kaza. Ran da ta miƙa mini shi, murna ta sa na ɗaga hannu sama na sauke da ƙarfina duka. Ɓalli ya tashi kamar farcen babban yatsa, ya bar rami a tsakiyar dutsen mutane.

Goggo ba ta doke ni ba. Ta ba matar haƙuri, ta karɓa ta ƙarasa aikin, ta share, ta wanke, ta zuba dusa ta niƙa. Sai ta ɗebi garin farko da yatsu uku ta ce, "Buɗe bakinki." Na buɗe. Ta ce, "Tauna." Na tauna, na ji garas-garas har tsakiyar kaina, tsikar jikina ta tashi. Na nemi in tofar, ta riƙe mini haɓa.

"Kin ji?"

"Na ji, Goggo."

"To, wanga abu kada ɗan kowa ya ji shi daga hannunki. Tofar."

Abin da 'yan mata ba su sani ba shi ne dutse ma yana cinyewa. Na gidan Goggo ya yi kwarmi kamar ƙwarya, ta ce kuwa ran da aka kawo wa kakata shi a shimfiɗe yake kamar faifai. Na tambaye ta ina sauran ya tafi. Ta ce, "Wani yana cikinmu, wani yana maƙabarta." Duk sanda ɗan dutse ya goga uwar, cin juna suke yi, ɓarɓashin yana zuba cikin gari. Kowa a ƙasar nan ya ci dutse, talaka da mai sarauta. Ku leƙa bakin tsofaffi ku ga yadda haƙoran ciki suka shafe. Ba mai hana wannan. Aikinmu shi ne ya zama ɗan kaɗan, mai laushi kamar toka, wanda ciki ba zai san da shi ba.

Da wuyan hannu ake koɗa, kafaɗa ba ta da aiki a ciki. A saki makoɗin ya faɗi da nauyin kansa, a tare shi in ya yi tsalle. A fara daga can ƙarshen dutse ana jawowa wajen gwiwa, tabo kusa da tabo, ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma da gefen mulmulallen. Tsinin nan na sabon dutse ne kawai, wanda ba a taɓa niƙa a kai ba. In aka sa shi ga tsohon dutse yana farfasa fuskar ta ciki inda ido ba ya gani, dutsen ya yi ta zubar da tsakuwa, kuma ba ya daɗewa sai ya sake yin santsi. Kunne ya fi ido aiki. Dutse mai lafiya yana amsawa ƙal-ƙal, mai tsaga a ciki yana amsawa kamar fasasshen tulu. Ko ina bayan katanga na ji niƙa, na san in hatsi ya ƙare a ƙarƙashin ɗan dutse, mai niƙa ta shagala da waƙa tana goga dutse a kan dutse tsirara. Nan ɓarɓashi ya fi zuba. Na sha leƙa gidan da ba a kira ni ba in ce, "Ke, ƙara hatsi, ƙasa kike niƙa wa mijinki." Dubi bayan hannuna, Malam. Baƙaƙen ɗige-ɗigen nan ba shasshawa ba ce, duwatsun Zakka da na Ruma ne suka shiga fata suka zauna.

In an gama koɗa sai a share, a wanke da ruwa, a bari rana ta busar. Sannan a niƙa dusa tafi uku, kowane tafi a kwashe shi gefe. Bayan na ukun mai koɗa ta ɗanɗana da haƙoran gaba, matar gida ma ta ɗanɗana. In da sauran ƙasa a ƙara tafi guda, har sai ya fita. Wannan gari shi ake kira wankin dutse, al'ada kuma ta ba mai koɗa shi, ban da ladan aikinta. Na kajinta ne. Kajin Goggo sun fi na kowa ƙiba a Zakka, don kaza tana son tsakuwa.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ba zan faɗi sunansa ba, mutane dai Mai-jaki suke ce masa. Shi ke fasa duwatsun niƙa a gindin dutsen da ke bayan gari. Ya hura wuta a kan falale, ya kwara ruwa, ya bi tsagar da ƙarfe, ya sassaƙe, ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar Batsari, wani lokaci har Zakka. Ya sayar wa Goggo dutse guda, sai da ya dawo sau uku wai duba shi yake ko ya tsage. A na ukun Goggo ta ce, "Ɗan nan, dutsen lafiyarsa ƙalau, in wani abu kake dubawa ka turo manyanka." Haka na zo Ruma. Yakan ce mini, "Ni ke haifar duwatsun nan, ke kuma ki yi musu kitso." Mutum ne mai yawan wasa, ba ya iya wuce yaro bai tsokane shi ba.

Na fi shekara ashirin ina shiga gidajen Ruma kafin abin da zan faɗa ya faru, har na san kowane dutse da launinsa. Na gidan liman toka-toka ne. Na mai fura da ke bakin kasuwa baƙi ne, ita kuwa ba ta taɓa yarda ya yi daidai ba, kullum sai ta ce in ƙara a gefen hagu. Akwai wata marowaciya da takan tura ni shan ruwa a ɗaki ta ɗebe rabin wankin ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, sai da na ce mata, "Ki bar shi a fili mana, ni ma in ga wanda za a ba." Matan da ke kulle kuwa ba don dutse kaɗai suke kira na ba, don labarin gari ne, ina koɗa suna tambayar wa ya haihu, wa ya yi yaji. Amma dutsen da ya fi kowane kyau na gidan Sarkin Fawa ne, ja-ja da ɗigon fari kamar nama mai kitse. Maigida ya ce shi ya sa ya kai wa mahauci. Babu irinsa a garin. Mai shi Iya Gwamma ce, uwargidan Sarkin Fawa, babbar mace mai babbar murya. In na shiga takan ce, "Yalwa, koɗa mini shi ya yi kaifi kamar bakina." In ce, "Iya, in ya kai haka ai zai cinye ɗan dutsen." Ta yi dariya har tantabaru su tashi.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai, ɗan abin da ya tsira fara ta sauka a kansa. Mahara daga arewa kuma sun hana zuwa gonakin nesa, kowa ya takure a gindin ganuwa. Kafin bazara rumbuna sun yi fayau. Mutane suka koma ga tafasa da 'ya'yan ƙarangiya, ana tona gidan tururuwa don ɗan hatsin da ta tara. Dusa ta zama abincin mutane. Mu muka cinye kajinmu ɗaya bayan ɗaya, muka sayar da jakin, ana dai ce masa Mai-jaki ba jaki. Ba mai sayen dutse, me za a niƙa? A cikin haka ɗiyata ta fari ta dawo gida haihuwa, mijinta ya yi kudu neman abinci. Ta haifi Tsahara a ruwan shuka. Nono bai zo ba sai kaɗan. Jaririya ta yi ta kuka kwana da kwanaki, daga baya ta daina kukan, ta kwanta shiru ido a buɗe. Duk wadda ta taɓa raino ta san wannan shirun ya fi kukan muni.

Gidajen da ake jin niƙa a garin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Gidan Sarkin Fawa yana ciki, don Fulani suna ta kawo ramammun shanu. Wata safiya Iya Gwamma ta aiko a kira ni. Na koɗa kamar kullum. Da aka zo wanki ta ce, "Dusa yanzu ta fi ƙarfin dutse, barori ke ci. Ungo dawa." Na niƙa tafi uku, na ƙulle a bakin zane na kawo gida. Na tsaya a tsakar gida da shi, ba kaza ko ɗaya. Sai na zuba shi a babbar ƙwarya na dama da ruwa kamar za a yi gasara, na jujjuya, na bari mai nauyi ya kwanta, na tsiyaye na saman a wata ƙwarya. Na yi kunu da shi na ba mai jego. Kafin la'asar na ji jaririya ta yi gyatsa. Malam, a rayuwata ban ji abin da ya kai wannan gyatsar daɗi ba.

Dutsen da aka koɗa da kyau yakan yi wata biyu bai nemi makoɗi ba. Ni kwana goma na yi na koma, ba a kira ni ba. Na ce, "Iya, na ji dutsenki ta bayan katanga, ya fara santsi." Ƙarya nake yi. Ta dube ni ta ce, "To, bismilla." Na durƙusa, na juya makoɗin a cikin tafina, na sa tsinin. Da aka zo wanki, tafi uku garas-garas, huɗu garas-garas, sai da muka kai bakwai. Iya tana ɗanɗanawa tana cewa, "Da saura, ƙara." Na fito da ƙulli babba. Dutsen da aka farfasa haka kuwa ba ya daɗewa, don haka bayan kwanaki kaɗan sai ga ni na dawo da gaskiyata. Na yi haka a wasu gidajen ma, amma a nata na fi yi. Za ku ce me ya hana ni roƙo. A ƙofar gidan akwai mata tsaitsaye da ƙoƙuna, wasu tare muka yi 'yan matanci da su a dandali, wasu na ci tuwon sunan 'ya'yansu. Nakan ratsa su da makoɗi a hannu ina jin ni mai sana'a ce, aiki ya kawo ni. Abin da ya hana ni ke nan, ba wani abu ba.

Garin kashi uku yake fita. Ruwan farko na mai jego. Ruwa na biyu, tsararo, nawa da na maigida. Sai abin da ya kwanta a gindin ƙwarya, mai kauri, rabi tsaki rabi dutse, wanda ba wankin da zai raba su. Tun da na fara sa tsini, na gindin nan ya ƙaru, tsakuwarsa ta yi girma. Ran farko na miƙa wa maigida ƙwaryar na ce, "Ga wannan, a zubar bayan danga." Ya dubi ƙwarya, ya dube ni, ya ce, "To." Ina da ƙafa, Malam. Danga ba ta fi taku goma ba. Ban iya zubar da abinci da hannuna ba ne a wannan shekara, sai na miƙa wa wanda ni ma na san ba zai iya ba. Ba a daɗe ba ya fara turo mini nasa ruwa na biyun yana cewa, "Ƙara wa mai jego, na ɗan taɓa wani abu a gona." Me ke gona a lokacin noman fari, ban da ciyawa?

Na ji shi. Wannan nake so ka rubuta da kyau. Rana tsaka ina bakin murhu, shi yana bayan rumbun da ba komai a ciki, sai na ji garas, garas, a hankali, irin taunar wanda ba ya so a ji. Ni da ke jin dutse tsirara ta bayan katangar mutane, a ce ban ji na bayan rumbuna ba? Sai na ƙara ƙarfin muciya a tukunya don ta rufe ƙarar. Kullum haka. Sau ɗaya kawai na yi magana. Ya dawo da ƙwaryar a sharce, na ce, "Maigida, abin nan fa na kaji ne."

Ya ce, "To ina kajin? Ai ni ne zakaran gidan yanzu."

Na ce, "Dutse ne a ciki."

"Ni na fasa su, ni na ɗauko su, na san halinsu. Yarinyar ta sha?"

"Ta sha."

"Jaririyar fa?"

"Ta tsotsa har ta yi barci."

"To shi ke nan," ya saɓa hauyarsa ya fita.

Shi ya ɗauka haka wankin dutse yake. Bai san na juya makoɗi ba. Ni kaɗai na san nawa ne na al'ada, nawa ne kuma na ƙara.

Damina ta yi kyau a wannan karon. Gero ya fitar da kai, mutane suna zuwa gona su tsaya suna kallonsa kawai. Ran nan ina bakin murhu na ji ƙas daga bayan rumbu, sai shiru. Ya fito dafe da kunci, yana ƙoƙarin murmushi, ya ce, "Ɗaya daga cikin 'ya'yan nawa ya rama." Kwana uku kuncin ya kumbura, ido ɗaya ya rufe. Aka kira wanzami, ya sa aka riƙe shi, ya cire haƙorin da ɗan awartaki. Haƙorin can ciki ne, ya shafe sumul, ya tsage biyu. Wanzami ya sa tsinin askarsa a tsagar ya ciro wani abu ya ɗora mini a tafi, ya ce, "Kin ga ɓarawon nan." Bai kai ƙwayar riɗi biyu ba. Ja-ja ne da ɗigon fari. Koɗa ta gaskiya ba ta fitar da ɓalli mai wannan girma, tsini kaɗai ke yin haka.

Cirewar ba ta yi magani ba. Kumburin ya sauka wuya, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya yi zafi kamar garwashi. An yi turare, an yi tofi, an tsaga an matse. Jikin da ya yi wata uku yana noma a kan tsakuwa ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. A lokacin na tuna in ba shi ruwan farko. Na tsiyaye sau uku, na dama masa mai laushi, na tallafo kansa na kai ludayi bakinsa. Ba ya wucewa, sai ya gangaro ta gefe. Ya ɗaga hannu ya nuna ɗakin mai jego, ya ce wani abu ta tsakanin haƙora. Na sunkuya. Cewa yake, "Kai mata." Da hantsi ya cika. Bayan kwana shida aka fara tumu a Ruma. Maƙwabta suka karyo daga gonarsa suka gasa suka kawo mini, ban iya kai shi baki ba.

Da na fita takaba, gidan farko da na shiga na Iya Gwamma ne. Dutsenta ya lalace, fuskar duk ramuka, mafi kyawun dutsen da maigida ya taɓa fasawa. Na durƙusa a gabanta na kwance ɗan tsumman da na ƙulle ɓallin a ciki, na fara magana. Ta tare ni.

Ta ce, "Yalwa, tun ba a haife ki ba nake niƙa. Kin ɗauka ban san dutsena bai yi santsi ba? Ina kallonki kika juya makoɗi. Na ce a raina matar nan ba za ta iya roƙo ba, bari in bar ta ta karɓa ta hanyar da za ta iya. Sau nawa na ɗanɗana ban ji komai ba na ce da saura."

Na ce, "Iya, kin sani?"

"Na sani. Abin da ban sani ba shi ne na gindin ma ci ake yi. Da kin ce mini, Iya ba ni, wallahi tsabarta zan ba ki, a rufe a ƙwarya, ba wanda zai gani. Ni ma da na yi hankali da na aiko miki har gida. Na tsaya kiyaye miki kunya."

Babbar muryar nan tata ta karye. Muka zauna a gaban dutsen muka yi ta kuka, mu biyu, ba wadda ta ba wata haƙuri. Dawar da za a ba ni wankakkiya, ni na zuba mata dutse kafin in yarda in karɓa.

Washegari na tafi falalen da yake fasawa, na zauna na goge tsinin makoɗin a jikinsa tun safe har azahar, sai da ya shafe. Ga shi, taɓa ka ji. Tun daga ranar ban sake karɓar sabon dutse ba, sai a kai wa wata. Na ci gaba da koɗa don da ita na ci na sha, da ita kuma na yi wa Tsahara kayan ɗaki bayan uwarta ta rasu. Amma wankin dutse bai sake kwana a gidana ba. Inda na niƙa shi nan nake watsa wa kajin gidan, a gaban mai shi. Mutane suna cewa Yalwa ta cika kyauta. Ban taɓa gyara musu ba. Iyakar abin ke nan, Malam. Ka yi masa addu'a kafin ka naɗe takardar.

Malam, buɗe ka ƙara wannan a ƙasa, tunda da sauran wuri. Jiya bayan ka karanta musu ka tafi, ƙawayen suka sulale ba sallama. Tsahara kaɗai ta rage. Na jira ta tashi ta bar mini gidan, ban ga laifinta ba in ta yi haka. Sai ta ce, "Kaka, ruwan farkon, ni na sha?"

Na ce, "Ke da uwarki."

"Ya taɓa ɗauka ta?"

"Kullum in ya dawo gona. Yakan ce kin fi ɗan dutse nauyi yau, ko da ba ki fi ba."

Ta ce in nuna mata ɓallin. Na kwance tsumman na ɗora mata a tafi, ta daɗe tana juya shi da yatsa. Ba ta mayar mini ba, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Sannan ta jawo tsohon dutsena ta durƙusa ta ce, "Ba ni makoɗin." Ta ɗaga hannu sama kamar yadda na ɗaga a Zakka, na kama wuyan hannun na sauke shi ƙasa. Muka yi tare, hannuna a kan nata, har muka kai ƙarshe. Ta share, ta wanke, ta niƙa tafin farko. Da kanta ta ɗebo da yatsu uku ta sa a baki ta tauna. Na ji ƙarar daga inda nake zaune, na rufe ido. Ba ta tofar da wuri ba.

Ta kwashe garin a faifai ta fita tsakar gida. Ta buɗe baki za ta kira kaji, muryar ta ƙi fita. Ni na kira mata su.